Rukunin Masu Jira

Malama tana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a, kuma da kanta ta tsara binciken. So take ta gano ko zaman hira na mako-mako zai rage wa matan da suka rasa 'ya'ya raɗaɗin rashin. Sai ta kasa su gida biyu: wasu su riƙa zuwa zaman, wasu su jira sai an gama, don a kwatanta. Ƙuri'a ce za ta raba su, domin in son rai ya shiga, sakamakon ya tashi a banza.

Yayarta, wadda ta goye ta tana jaririya, ta rasa ɗanta na fari a shekarar. Ta shiga binciken, ƙuri'a ta jefa ta cikin masu jira.

Rannan yayar ta sami Malama a ofis, ta zauna kan kujerar roba a ƙarƙashin fanka mai ƙara. Ta ce barci ya ƙaurace mata, abinci ma sai an yi da gaske. Ta roƙa a sa ta a ɗakin hirar can, inda take jiyo mata suna magana, har wani lokaci da dariya.

"Yaya, in na canza miki rukuni na ɓata aikin gaba ɗaya. Ki daure, 'yan watanni ne."

"To, Malama," in ji yayar. Ba ta taɓa kiranta haka ba, Auta take ce mata.

Sai da aka kammala binciken sakatariyar sashensu ta yi suɓutar baki: tun makon farko shugaban sashe ya cire ƙanwar matarsa da wata maƙwabciyarsa daga masu jira, ya kai su ɗakin hira. Malama ta tare shi a bakin mota. Ya yi murmushi, ya ce mutum biyu ba za su canza komai ba, kuma ai shi ba dutse ba ne.

Aka buga sakamakon, sunansa a saman nata. Masu jira kuwa ba a taɓa kiransu ba, don an mai da ɗakin ma'ajiyar karyayyun kujeru.

Malama ta je gidan yayar, ta daɗe a falo kafin yayar ta fito, ta rame ƙwarai. Ta kawo mata ruwa a kofin baƙi, ta tambaye ta aiki, ta koma ciki.