Kada a Tashe Ni

Ciwon baya ne ya kawo yoga gidan Lawal. Shekarun da ya yi duƙe a kan kwamfuta yana neman digiri na uku sun lanƙwasa shi, har ruku'u sai ya dafa bango. Da aka rufe Kuala Lumpur, inda yake karatun, saboda korona, sai ciwon ya miƙe ƙafa a ɗan falonsu da ke saman bene a Cheras.

Maƙwabcinsu Josiah, ɗan Kafanchan, shi ya kawo maganin. Wurin wani tsohon Ba'indiye ya koya a unguwar Brickfields, kuma in ya fara ba da tarihinta sai shayi ya huce. Wai ta girmi kakannin kakanni, kuma waɗanda suka faro ta a Indiya ba don rage tumbi suka yi ba, don jiki ya iya zama shiru ne. Lawal ya ce shi dai a ba shi miƙa da numfashi, sauran a bar wa masu shi.

Matarsa Kamila ta yi dariya har da hawaye ranar da ta gan shi ya kafa hannu da ƙafa, ƙugu a sama.

"Baban Hureira, da girmanka ka koma rarrafe?"

Haka take kiransa. Tun da aka kai ta ɗakinsa a Funtuwa sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, duk bokonta. Amma dariyar ba ta daɗe ba, domin bayan nasa ya saki, barci ya dawo, hawan jini ya sauka, faɗan da yake yi a kan ƙaramin abu ma ya ragu.

Kwanciyar da ake rufe yogar da ita ce kawai Kamila ta tsana: rigingine, tafin hannu sama, ido a rufe, ko yatsa ba ya motsi. Josiah ya ce sunanta kwanciyar gawa, ta ce kada ya sake faɗa mata a gida. Lawal kuma ya kafa doka, in yana cikinta ko gobara ake yi kada a tashe shi.

Shekara ta zagayo, cutar ta dawo da ƙarfinta, ta shigo masa da zazzaɓi da tari. Gwaji ya tabbatar. Kamila ta roƙe shi ya je asibiti, ya ƙi. Taurin kai ne, amma tsoro ne a ƙarƙashinsa.

"Wanda ya shiga bai fito ba, a leda ake naɗe shi," in ji shi. "Ba wanka, ba ɗan'uwa. Taimama ake yi a kan leda. Ni a nan zan yi jinya."

Josiah ya ajiye musu tapau, ƙunshin abincin saye, a bakin ƙofa, ya ɗaga murya ta baya. "Malam, yoga ba oxygen ba ce, lah. Ka je a duba ka."

"Ji numfashina," in ji Lawal, ya ja a hankali, ya sake a hankali.

Abin takaicin ke nan. Ya iya numfashi har ya ɓoye wa kowa, da shi kansa. Wani da tuni ya firgita ya yi ihu an ɗauke shi. Shi kuwa huhunsa na cika, fuskarsa a kwance kamar ruwan randa.

Ran nan bayan azahar ya shimfiɗa tabarmarsa, ya ɗan miƙa, ya kwanta rigingine. Kamila ta dama masa kunun gyaɗa, ta tsaya daga ƙofar kicin. Ta ga kwanciyar ta yi tsawo, zuciyarta ta ce je ki, doka ta ce tsaya. Ta ma ja 'yarsu Hureira ɗaki don kada ta yi surutu. Kunu ya huce, ta sake ɗumamawa.

Har aka kira la'asar bai motsa ba, mutumin da ladan bai taɓa riga shi tashi ba. Ta durƙusa kusa da shi. Leɓɓansa sun yi toka.

"Baban Hureira. Baban Hureira!"

Josiah ne ya kira motar asibiti. Masu fararen kaya suka sauka da shi, suka ce ita ba ta da izinin bi. Ta leƙa ta taga har motar ta sha kwana.

Washegari wata nas ta kira ta ta bidiyo, ta kai wayar kusa da kunnensa, bututu a bakinsa.

"Kak, 'yar'uwa, ki kira sunansa," in ji nas ɗin. "Wani lokaci suna ji. Sunansa na gaskiya, boleh? Za ki iya?"

Kamila ta buɗe baki cikin kunya da kuka. Da ƙyar sunan ya fito.

"Lawal."

Bai buɗe ido ba. Kafin magariba aka kira ta aka yi mata gaisuwa, kuma a leda aka naɗe shi, kamar yadda ya faɗa. Sau ɗaya ta taɓa kiran sunan mijinta a duniya, shi ma ta waya, a hannun baƙuwa.