Filin Ɗantani na Awon Igiya

"Sun sa hannu a takardar ginin?" in ji Alhaji Ɗantani, tun Shitu bai ajiye kwanon kunun ba.

"Sha wannan tukuna, Alhaji."

Ɗakunansu na kallon juna a wani tsohon bene a unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou, kuma tun da ciwon hanta ya kwantar da dattijon, Shitu ke jinyarsa in ya taso daga kasuwar Canaan. Likita ya ce a mai da shi gida tun yana iya hawa jirgi. Shi kuwa ya kafe: ba zai koma Kano ya mutu a gidan haya ba, sai an ɗora bulo a filinsa.

Filin awon igiya ne, can bayan gari, inda birni bai iso ba, ƙauye kuma ya riga ya watse. Wannan ofis ya ce izinin gini na wancan ne, wancan ya ce wurin ba ya cikin taswirarsa. 'Yarsa Turai ta yi zarya har ta gaji. Maƙwabta duk sun yi gininsu ba su tambayi kowa ba, amma Ɗantani an taɓa rushe masa shago yana tsaye yana kallo, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Shitu ne ya fita matattakala ya kira Turai a waya. "Ki sa magina su fara. Ki ce masa takarda ta fito."

"Kawu, in ya gane fa?"

"Jikinsa ba zai jira ofis ba, 'yata. Alhakin a wuyana."

Ranar da ta nuna masa ginin ta waya, Ɗantani ya tashi zaune da kansa, har da yi wa magina faɗa daga Guangzhou wai sun cika yashi. Ya ci shinkafa. Ya ce a yanko masa tikiti.

"Ka gani ko, Shitu? Da na bi taku na yi gini ba takarda, da yanzu ina kwana da fargaba."

Shitu ya ce, "Haka ne, Alhaji," yana kallon ƙasa.

Ɗantani bai hau jirgin ba. Ya cika ranar wata Alhamis bayan la'asar, jakarsa a ɗaure a bakin ƙofa, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta garin.

Shitu na kwashe kayan ɗakin saƙon Turai ya shigo, haɗe da hoto. "Kawu, da safe suka zo." An shafa wa sabuwar katangar jan fenti, alamar rusau, har ya tsiyayo ƙasa.

Ya zauna a bakin gadon, ya rasa ko godiya zai yi wa Allah ko istigfari. Ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton har jan ya fice daga fuskar wayar. Sai bakin ɗakin da ba a sa wa ƙyaure ba, da wata akuya kwance a inuwarsa.