Gudumar da Aka Naɗe da Roba

"Ko waya ɗaya ba za a jona muku ba," in ji matar gidan talabijin ɗin. "Faifanku za mu saka, ku kuma ku motsa baki da hannu. Haka kowa yake yi."

Sunanta Gaukhar. Takarda ce a hannunta ɗaya, ɗayan kuma tana nuna kayanmu da shi sai ka ce ta ga mushe. Sha ɗaya na safe ne, a babban zauren Almaty inda za a raba kyautar mawaƙan shekara da ƙarfe uku. Kwana biyu muka yi a hanya daga garinmu na kusa da Karaganda, a bayan babbar mota, mu da bututu huɗu, da tsohon tankin ruwa, da farantin ƙarfe mai faɗin ƙofar gareji.

"Baiwar Allah," na ce, "kin taɓa jin waƙarmu kuwa?"

"Na ji. Har yanzu kaina bai daina ciwo ba."

Mu uku ne a ƙungiyar Shoyin. Ni Akmaral, ni ce mai waƙa, ko in ce mai ihu, yadda mahaifiyata take faɗa. Rinat ke riƙe da jita da na'urori. Sai kawuna Tolegen, ƙanen mahaifiyata, mai shekara hamsin da tara, wanda ke dukan ƙarafan nan da guduma biyu. Shekara talatin da huɗu ke nan yana gyaran injuna a masana'antar narka ƙarfe ta garinmu, kuma har yau bai bari ba. Shekara bakwai muna wasa a gareji da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ya san da zamanmu sai maƙwabta masu kiran 'yan sanda. Sai bara wani mai sharhin waƙoƙi, Vadim Khegai, wanda idan ya kushe faifai shi ke nan an binne shi, ya rubuta cewa dattijon nan mai guduma ya fi kowa kunne a duk ƙasar. Yau shi ne shugaban alƙalan gasa.

Abin da Khegai bai sani ba, Kawu Tolegen kurma ne. Shekara huɗu ke nan ko tsawa ba ya ji.

Ban da matarsa, ni da Rinat kaɗai muka sani, kuma sai da Kawu ya sa muka rantse. Saura masa shekara biyu fansho. Idan masana'anta ta gane, a ranar za a cire shi daga cikin injuna, don ba a barin wanda ba ya jin ƙahon gargaɗi a ƙarƙashin ƙugiyar ɗaukar kaya. Leɓen mutum yake karantawa. Duk shekara idan likitar masana'anta ta tsaya bayansa tana raɗa lambobi don gwada jinsa, ta gilashin taga yake kallon bakinta. A dandamali kuwa, babu takalmi yake tsayawa a kan farantin ƙarfen nan, mu ɗora babbar lasifika a gefe ɗaya, kiɗan ya bi ƙarfe ya hau ƙafarsa. Da tafin ƙafa yake ji, kuma wallahi bai taɓa kuskure ba.

Gaukhar ta ci gaba da karanta takardarta. Babu lasifika a dandamali, kowa za a saka masa ɗan abin ji a kunne. Farantin ƙarfe ba zai hau ba, zai kankare musu dabe. Gudumomi za a naɗe su da roba don kada ƙara ta shiga makirufon masu gabatarwa.

"Kuma a gaya wa baban nan ya sa takalmi. Manya za su zauna a sahun gaba, ba wurin wanka ya zo ba."

"Idan muka ƙi fa?"

"Wanda bai hau ba, sunansa ba ya cikin ambulan ɗin masu nasara. Doka ce, ba ni na kafa ba."

Ta wuce abinta. Na bi ta da harara, sannan na juya kan Rinat, don dole in sauke a kan wani.

"Kai ka sa hannu a takardar yarjejeniyar nan, uban 'yan boko. Ba ka karanta ba?"

"Shafi goma sha tara ne, Akmaral. Ke da ko takardar magani ba kya karantawa?"

"To sai ka san yadda za ka yi."

"Akwai abin da ya fi wannan," ya ce, yana sosa ƙeya. "Motar da ta kawo mu, kin san ta masana'anta ce. Yermek Sadykovich ne ya ba mu aro. Sai na ga bai dace ba a ce ko katin gayyata..."

"Ka gayyaci shugaban sashen Kawu?"

"Shi da matarsa. Sahu na uku."

Inna lillahi. Da guduma tana kusa da hannuna, da an rage mawaƙi ɗaya a ƙasar nan.

Kawu yana zaune a kan tanki a bayan labule, yana shan shayi da madara daga fulas, yana gutsurar baursak, fanken ƙasarmu, wanda matarsa ta ƙulle masa a leda. Na tsuguna gabansa yadda zai ga bakina, na faɗa masa komai. Ya ajiye kofinsa.

"'Yar nan, ku hau ku biyu. Ni in zauna nan in yi gadin kaya."

"Kawu, kai ake son gani. Saboda kai aka kira mu."

"To mu koma gida. An mutu ne don ba a karɓi gunkin kyauta ba?"

Nan ne ya kamata in ce to. Na san da haka a lokacin, ba wai daga baya na gane ba. Amma shekara bakwai ina ihu a gareji, ina sayar da tikitin bas da rana, ƙawayena duk sun yi aure suna yi mini kallon tausayi. Ina son kyautar nan. Ina son ta har cikin ƙashina, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

"Minti huɗu ne kawai," na ce. "Ka kalli ƙafata ta dama. Zan riƙa buga diddige a ƙasa, kai ka bi. Idan na ɗaga hannu sama, an gama, ka ajiye guduma."

"Idan kin manta fa? Ke da idan kin fara ihu ko sunanki ba kya tunawa."

"Ba zan manta ba. Na rantse."

Ya ƙura mini ido, ya rufe fulas.

"Rantsuwarki ta yi yawa a bana. Miƙo takalmin."

A gwaji komai ya tafi daidai. Fitilu a kunne, zaure fayau, yana ganin ƙafata sarai. Har Rinat ya fara fito.

Ƙarfe uku zaure ya cika maƙil. Mawaƙan soyayya suka yi ta hawa suna sauka, kowa da farin haƙori, kowa yana motsa baki a kan faifai. Na leƙa ta labule na hango Khegai a sahun gaba, ɗan siriri da tabarau, ya haɗe rai kamar wanda aka tilasta wa zuwa biki. Bayansa kaɗan ga Yermek Sadykovich cikin kwat ɗin da ta matse shi, yana ta nuna wa matarsa fitilun rufi. 

Aka kira Shoyin. Muka hau. Faifai ya tashi, na buga diddige, Kawu ya ɗaga guduma ya sauke daidai. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na ce a raina, Allah na gode.

Sai suka saki hayaƙi.

Ba wanda ya gaya mana akwai hayaƙi. Fari ne, mai nauyi, irin wanda ke kwanciya a ƙasa, ya malalo daga gefe biyu ya rufe mu har gwiwa. Ƙafata ta ɓace. Na waiga na ga idon Kawu yana neman ta. Na fara buga cinya da hannu, sai ga mai kyamara ya shigo tsakaninmu, ya tsaya ƙiƙam, ya saka mini gilashinsa a fuska. Na matsa, ya matsa. Na zage shi da baki a rufe.

Kawu ya yi abin da ya saba yi idan kiɗa ya kama shi. Ya runtse ido, ya ci gaba da ƙirga a zuciyarsa.

Ya kusa kaiwa, wallahi ya kusa. Amma su gidan talabijin sun datse baiti na ƙarshe don lokaci, abin da ni da Rinat muka ji ta kunne, aka ce mana saura daƙiƙa goma. Faifai ya tsaya cak. Na ɗaga hannu sama. Idonsa a rufe yake.

Zaure ya yi tsit, mutum dubu da wani abu. Ba abin da ake ji sai gudumar roba a kan tanki, dib, dib, dib, kamar ana kakkaɓe katifa. Dattijo cikin takalmin aro, gumi yana zuba, yana duka da dukan ƙarfinsa, babu kiɗa. Wata mace ta yi dariya ta toshe baki. Na kasa motsi. Sai da ya kai ƙarshen baitin da babu shi, kusan rabin minti, ya sauke duka na ƙarshe, ya buɗe ido. Ya ga hannuna a sama, ya ga fuskata, ya gane.

Sai Khegai ya miƙe tsaye shi kaɗai ya fara tafi. Da shugaban alƙalai ya tafa, wa zai zauna? Zaure ya ɗauka.

Bayan rabin awa aka buɗe ambulan, aka kira sunanmu. Khegai da kansa ya hau ya karɓi makirufo.

"Shekara ashirin ina rubutu a kan ƙaryar motsa baki," ya ce, "ban taɓa faɗin abin da dattijon nan ya faɗa yau cikin rabin minti ba. Sun naɗe masa guduma, sun kashe masa kiɗa, ya ƙi tsayawa don ya nuna mana abin da muke tafa wa. Wannan ita ce jarumta."

Aka sake tafi. Ya miƙa wa Kawu gunkin tagulla, Kawu ya karɓa da hannu biyu yana murmushi, don makirufo ya rufe bakin mutumin, ko kalma ɗaya bai samu ba. Rinat ya matse mini hannu yana raɗa, "Mun tsira, mun tsira." Ni ma na fara yarda. Masana sun ce fasaha ce, wa zai ce ba haka ba?

Muna sauka bayan labule 'yan jarida suka yanyame mu. Ina cikin ba su amsa, baki har kunne, sai na hango Yermek Sadykovich yana ratsowa. Shekara ashirin da biyar ya yi a cikin ƙarar injuna, ya sallami kurame da hannunsa sun fi goma. Bai karanta sharhin kowa ba, amma ya san yadda mutum yake idan ƙaho ya yi kuka bai ji ba.

Ya rungume Kawu, ya bubbuga bayansa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Ya zaro biro daga aljihu, ya juya katin gayyatarsa, ya yi rubutu a baya, ya miƙa masa.

Na leƙa ta kafaɗar Kawu na karanta, da kiran girmamawa ya fara. "Tolegen-aga, na taya ka murna. Ranar Litinin kada ka shiga sashe. Ka same ni a ofis."

Kawu ya karanta sau biyu. Ya ninke katin ya sa a aljihu, ya gyaɗa wa mutumin kai. Bai kalle ni da fushi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni, na kama hannun rigarsa na juyo da shi don ya ga bakina.

"Kawu, ka yafe mini."

Bai kalli bakin nawa ba. Ya miƙo mini gunkin.

"Karɓi abinki, 'yar nan," ya ce. "Ya yi mini nauyi."