Wanda Ya Tsaya wa Farfesa Bagchi

"Ƙona shi za a yi?" Ilu ya maimaita, wayar a kunnensa. Likkafanin da ya yanko da safe yana maƙale a hammatarsa.

Mai kiran Mitali ce, 'yar marigayin, daga Dhaka. Cikin sanyin murya ta ce haka addininsu ya tanada, su Hindu ne.

Ilu ya zame ya zauna a matakala. Tun zuwansa sarin kaya daga Kano suke ƙofa da ƙofa a benen nan na Panyu da ke China, shi da Farfesa Sudhir Bagchi, tsohon da ya shugabanci jami'a a Bangladesh, ya yi ritaya ya zo koya wa 'yan China fiziks. Mutumin da zai tsare ka da kofin ruwa a rana yana nuna maka yadda haske ke karyewa, ko kana sauri. Bai taɓa kawo wa ransa cewa ba Musulmi ba ne. To wa zai kawo? Sallamarsa ta fi ta wasu limamai daɗi, ba ya cin abinci sai a shagon taliyar Musulmi, da azumin bara shi ke aiko da soyayyen wake in an sha ruwa. Rashin zuwa Juma'a kuwa, Ilu ya ɗora wa gwiwa laifi. Jiya da hantsi ya same shi a kujerar baranda, tabarau a hanci, shayi ya huce, rai ya yi halinsa.

"An hana ni biza sai bayan gasar Olamfik da ake yi a China," in ji Mitali. "A wurinmu ɗa ne ke sa wutar, shi kuwa ba shi da ɗa namiji. Kullum sai ya ce min, ɗana na ƙofar kusa. In ba ka je ba, ma'aikata za su tura shi ciki shi kaɗai."

Maidaji, dattijon 'yan kasuwar Maraɗi da ya zo don wankan gawa, ya ji komai.

"Ilu, ka ji tsoron Allah. Da hannunka ka sa mutum wuta?"

"Alhaji, ni kaina jikina ya mutu."

"To ka ce mata ba ka iyawa."

"Ranar da 'yan sanda ke bi gida-gida suna duba fasfo, shi ya sa kwat ya tsaya a ƙofata har suka wuce. Yanzu in bar shi ba kowa?"

Maidaji ya ɗauki butarsa ya sauka.

Wurin ƙonawar fes yake, kamar asibiti, kuma wannan tsabtar ta fi komai tsorata Ilu. Aka turo Farfesa a kwance, ya ƙanƙance. Ma'aikaci ya nuna wani maɓalli a bango. Ilu ya ɗaga yatsa, bakinsa ya riga shi, ya ji kansa yana bismilla irin ta sa mamaci a kabari. Ya danna. Gawar ta shige ɗakin wutar, ƙofar ƙarfe ta rufe.

Da la'asar aka miƙa masa tokar Farfesa a ɗan tulu. A jirgin ƙarƙashin ƙasa kowa ya ɗaga kai ga talabijin, ana gasar ninƙaya. Wata tsohuwa ta matsa, ta yi masa nuni ya ajiye kayansa a kujera. Ya girgiza kai. Tulun yana kan cinyarsa da sauran ɗumi, ya rufe shi da tafukansa biyu.