Dabbar da Ba Ta Yi Famfara Ba

Umara dillali ya tsuguna a ƙofar gidan Kaumi, ya naɗe hannun riga, ya ce a kawo dabbar ya duba bakinta. Kaumi ya shiga ciki ya fito rungume da dutse.

Abin da ya kawo haka kuwa, injin ban ruwan Kaumi ne ya mutu, ga albasarsa a Danchuwa ta fara kwantar da kai. Bana duk Potiskum an rufta cikin manhajar nan ta rance, wadda mai shi ke ba mara shi kai tsaye ta waya, ba banki ba layi. Har mai shayin unguwa ya zama mai ba da rance. Sai dai manhajar jingina uku kawai ta sani: gona, mota, dabba. Gonar Kaumi ta aro ce, mota kuwa sai dai ya gani ta wuce.

Dutsen ya haƙo shi ne wajen tonon rijiya. Dogon muƙamuƙi ne, siriri, haƙora jere kamar na zarto, matarsa Gumsu na tokare ƙofar kicin da shi. Ƙaninta Bilyamin, malamin kimiyya a sakandare, da ya gani sai da ya zauna a ƙasa. Ya ce bakin wata halitta ce mai fukafukan fata da ta yi shawagi a sama shekara miliyan ɗari da suka wuce, kuma duk darajarsa a haƙoran nan take, tunda ko ɗaya bai karye ba. Kaumi abu ɗaya ya riƙe a bayanin: ashe dabba ce. Ya buɗe manhajar ya danna "dabba". A wajen shekaru ya tsaya, don ya san tsohuwar dabba ba ta kuɗi a kasuwar kara, ya sa "ƙarama".

Wanda ya amsa shi ne Alhaji Bubayaro, falken shanu, mutumin da ko kyautar dabba aka ba shi sai an buɗe mata baki. Shi ya zo da Umara.

"Ina sauran jikin?" in ji Alhaji.

"Yana ƙasa, ranka ya daɗe."

"To madalla, ba za ta ɓata ba."

Umara ya bi haƙoran da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, fuska a murtuke. Ya karkata kai ya leƙa ta gefe, har da hura musu iska.

"Alhaji, lafiyarta ƙalau, ba ta da ciwon baki. Amma dubi tsininsu. Wannan ba ta taɓa cin kara ba. Ko famfara ba ta yi ba, duk haƙoran nono ne."

Alhaji ya girgiza kai. "Ni ba na karɓar jinginar maraƙi, Malam Kaumi. Yau yana nan, gobe zawo ya ɗauke shi."

Kaumi ya dubi dutsen. Albasar kawai yake gani a idonsa, ta yi rawaya.

"Alhaji, wallahi ragewa na yi. Shekararta miliyan ɗari."

"Kowa haka yake cewa in ciniki ya juya," in ji Umara, yana karkaɗe gwiwa. "Jiya wani ya rantse mini ɗan maraƙinsa ya yi noma uku."

"Har tashi sama take yi."

"Ka ga wata matsalar kuma," in ji Alhaji. "Ka ɗaure ta a turke." Ya ɗan sassauta murya, don mutumin kirki ne. "Ba ƙi na yi ba. Ran da ta zubar da haƙora biyun gaba, kira ni, a ranar za ka sayi injinka."

Suka hau mota suka tafi.

Kaumi ya zauna a dakali da dutsen a cinya. Tausayin abin ya kama shi, ga haushi. Halittar nan ta riƙe haƙoranta tun kafin a san za a yi Potiskum, ƙasa ta danne ta, ruwa ya bi ta kanta, ba ta saki ko ɗaya ba. Ya tuna Bilyamin zaune a ƙasa. Ya tuna albasa.

Gumsu, wadda ta ji komai daga bayan ƙofa, ta fito ta ajiye masa guduma a gefe.

"Baban Muhsina, biyu kawai ya ce. Kuma ka yi a hankali, da shi nake tokare ƙofa."