Yaya Ya Kulle Zaure

"A taka masa birki!" Yaya ya daka wa rediyo tsawa, yana auna wa wata mata sukari a kantinsa. Lauyoyi biyu ne ke ta cacar baki a rediyon a kan ko shugaban ƙasa na da ikon kafa doka ba tare da majalisa ba. Shi dai Yaya tuni ya yanke hukunci, duk wanda aka sakar wa iko ba linzami sai ya hau kan mutane.

Wannan Yayan kuwa shi ne admin na zauren danginsu a waya, mutum talatin da ɗaya. Tun ranar da ya ji a labaran fasaha cewa an sabunta manhajar, yanzu admin na iya goge saƙon kowa, dangi ba su ƙara sakewa ba. Ya goge maganin hawan jinin da Kawu ke turowa kullum. Ya goge hotunan takalman da matar Auta ke talla. Da ƙanwarsa Nas ta tambayi wa ya ba shi wannan iko, sai ya goge tambayar, ya kulle zauren, ba mai magana sai shi. Yau kwana tara ke nan, kuma shi a ganinsa zaman lafiya ya samu.

Tela maƙwabcinsa ya leƙo, tef a wuya.

"Barka, barka! Ashe tagwaye aka samu?"

"A ina?"

"Haba Yaya, ban da wasa. Matar Autanku mana, tun da safe. Ni ma a bakin Kawunku na ji."

Sukari ya zube a gefen sikeli. Yaya ya zaro waya ya buɗe zauren. Ba komai sai saƙonsa na ƙarshe: "Sanarwa: a kiyaye doka." Ya ja ƙofar kanti ya tari tasi, ko rediyon bai kashe ba.

A ɗakin masu haihuwa ya tarar da dangi cike, Inna na kan kujera rungume da jariri ɗaya. Yana shiga wayoyi suka yi ƙara a lokaci guda, kowa ya duba yana dariya. Tasa ce kaɗai ta yi tsit a aljihu.

"Inna, a ce a haihu a gidanmu, in ji a bakin tela?"

"To ta ina za a faɗa maka?" in ji Inna. "Ka toshe bakin kowa."

"Ai da an kira ni."

"Mun buɗe sabon zaure, mun kaɗa ƙuri'a," in ji Nas, tana gyara wa mai jego matashi. "Ashirin da tara suka ce a bar ka ka ji daɗin shirun. Inna ce kaɗai ta ce a kira ka, ita kuma ba ta da katin waya."

Aka kwashe da dariya, ban da Yaya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Autan nan shi ya riƙa goya shi a keke zuwa makaranta, yau ga shi ya zama uba, kuma har tela ya riga shi ji.

"A saka ni," ya faɗa a hankali.

Nas ta kalli Inna, Inna ta gyaɗa kai. Wayarsa ta yi ƙara. Ya bi jerin sunayen da yatsa, kowane da "admin" a gefensa, har Kawu da bai san inda ake dannawa ba. Nasa ne kawai fayau.

"Kowa admin, sai ni?"

"Kai ka gama wa'adinka," in ji Kawu.

Yaya ya koma kan wayarsa. Ya rubuta "Barkanmu da arziki", ya tura, ya ƙura wa wayar ido yana jiran a goge. Minti ɗaya, biyu, saƙon na nan.

"Ajiye abin nan," in ji Inna, "ka karɓi ɗanka."

Ya kife wayar a kan gado, ya miƙa hannu biyu.