Agogon Baba Bayan Gyara

Injiniya ba ya ganin tsohon agogo irin mai murɗawa ya ɗauke kai. Na batir kuwa ko kyauta aka ba shi sai ya yatsine fuska, wai ba shi da rai. Akwatin gilashi ne guda a ɗakinsa cike da masu murɗawar, kullum da safe yana bin su da murɗi kamar mai ba kaji tsaba.

Da mahaifinsa ya rasu, agogon tsohon ya faɗo hannunsa. Abin ya ji jiki, sai ya ga zai ɓata masa jeri. Ya kai wa mai gyara, ya ce a goge shi tas, a sake gilashi da maɗauri. Da mutumin ya tambaye shi ko a ajiye masa tsofaffin, ya ce a zuba a shara. Agogo ya dawo yana walƙiya, Injiniya har da ɗaukarsa hoto.

Ana nan sai Inna, mahaifiyarsa, wadda idonta ya mutu tun kafin rasuwar, ta aiko cewa tana so ta ɗan riƙe agogon Malam. Ya tafi da murna, yana jiran yabo. Mutum da iliminsa, amma bai tsaya ya yi tunanin da me makauniya take gane abu ba.

Ya same ta a bakin gado, ya durƙusa ya sa mata a hannu. Ta bi gefen da babban yatsa, ta juya, ta sake bi. Ta ce a da akwai wata lotsawa a nan, yanzu babu, ta ranar da Malam ya faɗi a kan keke yana sauri zuwa asibiti, ranar da aka haifi shi Injiniyan. Ta kai maɗaurin hancinta ta shinshina. Sabuwar fata ce, ba gumin kowa.

Kunya ta rufe shi. Ya fara kame-kame kan cewa injin ciki dai na Malam ne, ba a taɓa ba.

"Tsohon maɗaurin fa, yana wajen mai gyaran?"

"Zan tambaye shi, Inna," in ji shi, ya kuwa san inda ya ce a kai shi.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta lalubo tafin hannunsa, ta ɗora agogon, ta naɗe masa yatsu a kai.

"Ya yi santsi," ta ce. "Riƙe abinka, ɗan nan."